Littafin da Taubashi Ya Ɗauka

Ranar da Shafa'atu ta faɗi kuɗin littafinta, gurup ɗin ya yi shiru tun daga hantsi har la'asar.

Gurup ne na salula mai mutum sama da ɗari huɗu, yawancinsu mata, na nan Tamaske da na Keita da Buza, wasu can Madawa, sai kuma maza 'yan bida, wato ci-rani, da ke Abijan da Agadas, waɗanda ba sa cewa uffan amma ana ganin sun buɗe saƙo. Tun bayan girbi suke karanta labarin Jima kyauta, babi bayan babi. Jima mace ce da mijinta ya tafi bida ya yi shiru, ita kuma ta shiga aikin ɗaukar dutse a kan tudu don ta ci da 'ya'yanta. In Shafa'atu ta makara da babi, saƙonni su yi ta faɗowa. Wannan ta ce tuwo ya ƙi shiga, waccan ta ce a dubi Allah a gaya mata ko mijin zai dawo. Wata a Madawa har ta rantse cewa in ta haifi mace, sunan marubuciyar za ta sa mata.

Sai ta rubuta musu cewa rabin farko ya ƙare, kyauta ma ta ƙare. Mai son sauran zai biya dala ɗari, sefa ɗari biyar ke nan, sau ɗaya tak, a sa shi a ƙaramin gurup inda za a ci gaba. Ba da ka ta yanka kuɗin ba. Abin da kowaccensu ke miƙa wa mai kitso ne ba tare da ta ja ciniki ba, kitson da ke tsufa kafin wata ya mutu.

Da la'asar amsoshi suka fara shigowa.

"Madan, dala ɗari don rubutun salula? Mi za mu riƙa ga hannu?"

Wata Fatsima, 'yar nan unguwar, ta ce, "In da takarda ta, sai mu ce takarda munka saya. Wanga ko ƙosai ba a iya naɗewa da shi."

"Dala ashirin, ki sallama. Mu da yawa na."

Wani daga Abijan, wanda bai taɓa magana ba sai ranar, ya ce kiredin waya da suke ƙonawa kafin babi ya buɗe ai shi ma kuɗi ne, don haka sun riga sun biya. Mai rantsuwar suna ta turo hoton fuska mai hawaye, daga nan ta fice daga gurup ɗin.

Shafa'atu ta karanta duka tana zaune a kan turmi. Ta mayar da kalma ɗaya, wadda masu albasa ke faɗa wa mai tayin raini: "Albarka."

Ta yi shekaru tana koya wa manyan mata karatun Hausa a ajin yaƙi da jahilci, daga nan sunan Madan ya bi ta. Da aka rufe ajin ta koma ɗinki. Bara ta sayar da keken ɗinkin ta sayi babbar salula, domin tsohuwar ba ta riƙe dogon rubutu. Surukarta ta ce ba ta taɓa ganin macen da ta ba da sana'a ta karɓi abin hira ba. Mijinta Lawali, mai tallan agogo a Abijan, ya ce ta yi yadda ta ga dama, da muryar wanda ya riga ya san inda zancen zai ƙare. Da manyan yatsunta biyu ta buga littafin nan, harafi bayan harafi, tsakanin daka da ɗebo ruwa, har na dama ya yi kanta. Ko rubutu sana'a ne ko abin hira, dala ɗarin nan ce za ta faɗa.

Mutum goma sha huɗu suka biya.

Ta ƙi ragewa. Labarin ya tsaya ne a inda aka ce wa Jima an ga mijinta a arewa, kuma ta san matan nan, ba su da haƙurin jira. Ta ci gaba da ba masu biya babi ɗaya kowace safiya, tana jiran sauran su gaji su kwance bakin zane. Ba wadda ta zo. Abin da ya fi ɗaure mata kai, har roƙon ma sun daina.

Dalilin ya iso mata ranar kasuwar Tamaske da safe, cikin saƙon murya na Raihana. Raihana ma'aikaciyar gidan magani ce a Buza, ita ta fara biya, kuma ba ta iya kewaye-kewaye ba.

"Madan, ina kwana. Tambaya gare ni. Ni da na biya dala ɗari ina babi na talatin. Maƙwabciyata, wadda ko sunanta ba ta iya rubutawa, ta riga ta san Jima ta saida akuyarta ta hau motar Agadas. Ta ce ga katin memwar taj ji shi, da murya, dala ashirin anka tura mata ga tashar Tamaske. To mu da munka biya, mi munka saya? Zama baya?"

Babin akuya Shafa'atu ba ta tura wa kowa ba. Yana cikin salularta, shi da sauran da ta rubuta ta ajiye. Salular kuwa, in ba a hannunta ba, wuri ɗaya take zama: rumfar cajin Safiyanu, duk lokacin da wutar unguwarsu ta ɗauke.

Safiyanu ɗan Gwaggo Delu ne, ƙanwar mahaifinta, wato taubashinta. Rumfarsa na bakin tasha, da allon hasken rana biyu a kan rufi, da katako cike da salulolin mutane, da lasifika, da ordinatar, kwamfutar da yake tura wa jama'a waƙa da wa'azi da fim cikin katin memwar. Tsakanin ɗan mace da 'yar namiji wasa ne tun haihuwa. Ya zage ta ta rama, ya ɗauke mata takalmi a gidan suna, ta ɓoye masa hula ranar salla, a fansa da goro kowa ya karɓi nasa. A watan shara, farkon shekarar Musulunci, ɗan mace, wanda a wasan shi ne bawa, kan bi gidajen 'ya'yan kawunsa yana karɓar kuɗin shara. Abu ɗaya aka hana a tsakaninsu, shi ne fushi. Wanda ya yi fushi shi ya yi abin kunya, kuma dangi za su shekara suna ba da labarinsa.

Tun daga rumfunan albasa ta jiyo shi. Lasifikar na zuba labarinta a tsakiyar kasuwa, da muryar Safiyanu, ya sirantar da ita yana kwaikwayon mace. Jimlolinta ne, ta san kowace. Sai dai ya sa kiɗa a ƙasa, kuma a inda ta rubuta cewa Jima ta yi shiru ta ɗauki dutsenta, shi ya ƙara mata "wayyo ni" har sau uku.

Mata sun yi layi a gaban rumfar, kowace da katinta ɗaure a bakin kallabi. Ta ga matan ƙauye da suka sauka daga mota, ta ga 'yan unguwarsu, ta ga Fatsima mai maganar ƙosai.

"Ku ba da hanya, ga uwargijiyata," in ji Safiyanu da ya hango ta. Bai ko rage sautin ba. "Mai littafi ta iso da kanta. Madan, zo ki ga yadda bawanki ya ɗaukaka ki."

"Safiyanu, wa ya ba ka?"

"Wa ya ba ni? Wane wata muke ciki? Na zo gida karɓar shara kinka ce ba ki da canji. To na karɓa da kaina." Ya juya ga matan. "Ɗiyar kawuna ta, jama'a. Bara sabulu ta ba ni, ɗan ƙarami, na wanke-wanke. Bana na ce ba ni yarda."

Layin ya ɗauki dariya.

"Shekara guda na yi ina rubuta shi."

"Ni ko sai da muryata ta dushe wajen karanta shi. Kin san wuyar kukan Jima? Ke rubutawa kawai kinka yi."

Dariyar ta ƙaru. Wani tsoho mai sayar da igiya a rumfar gefe ya leƙo ya ce, "Madan, kar dai ki ce muna fushi za ki yi da ɗan mace."

Shafa'atu ta kawar da kai daga tsohon. Ta juya ga Fatsima.

"Har da ke? Ke da na riƙe maki hannu na koya maki rubuta sunanki."

Fatsima ta gyara goyonta. "Madan, wanga ana ji ana daka. Kuma dala ashirin ta. Naki mun taya, kin ce albarka."

Shafa'atu ta san garinsu. In ta ɗaga murya, kafin azahar zancen da zai zagaya ba zai zama Safiyanu ya ɗauki littafi ba, zai zama Madan ta yi fushi da taubashi a gaban kasuwa. In ta je wurin jandarma, gidan ubanta da gidan Gwaggo sun rabu ke nan, kuma sunanta za a riƙa kira a kan rabuwar. Ta ja leɓɓanta ta nuna haƙora, don a ga ta yi murmushi, ta juya ta tafi.

Ba ta yi nisa ba. A bayan buhunan albasa ta tsaya, inda take hango layin. Ta ga mace bayan mace tana kwance ƙulli tana miƙa kuɗi, ba mai cewa me za ta riƙe a hannu, ba mai tayi. Ashe suna biya. Matan da suka ce rubutun salula ba abin saye ba ne, ga su a rana suna ture juna don su saya. Sai dai ba ita suke biya ba, kuma ba kuɗin da ta yanka ba. Lasifikar ta sake cewa "wayyo ni."

Ta koma rumfar.

"Safiyanu, ashe wasa muke."

"Tun ranar sunanki."

"To madalla."

Ta miƙa hannu ta zare wayar lasifika daga jikin ordinatar. Muryar Jima ta yanke a tsakiyar magana. Ta rufe na'urar, ta naɗe ta a mayafinta, ta ɗora a ka kamar faifan talla.

"Ɗan mace ba shi da dukiya gaban ɗiyar namiji," ta ce, da ƙarfi yadda na bayan layi za su ji. "Abin bawa na uwargijiyatai na. Ka zo gida ka fansa."

Wannan dariyar ta fi ta farko, har tsoho mai igiya ya tafa hannu. Safiyanu ma ya yi, da baki kawai.

"Madan, yau fa kasuwa ta."

"Na sani."

Ta ratsa kasuwar da na'urar a kanta, ta masu tumatir, ta masu awon hatsi, tana amsa gaisuwa ɗaya bayan ɗaya, ba ta yi sauri ba.

Bayan azahar Gwaggo Delu ta yi sallama, Safiyanu na biye da ita. Gajeriyar tsohuwa ce mai jan haƙori, ta tsufa a sayar da man gyaɗa, kuma a bayanta Shafa'atu ta yi rabin ƙuruciyarta. Aka shimfiɗa mata tabarma a inuwar rumbu. Surukar Shafa'atu ta jawo kujerarta kusa, wai za ta tsince wake. A zaure kuma ana jin motsin mata, waɗanda suka biyo bayan na'urar daga kasuwa.

"Na ji abin da kunka yi ku biyu, kamar yaran goye," in ji Gwaggo. "Wasa na, kuma wasa da ƙa'idatai. Wanda yaɗ ɗauka shi mayar, a ba shi goro. Ke, kawo mashi ƙarfenshi. Kai, mayar mata da littafinta."

"Gwaggo, ba shi mayuwa."

"Ya yaga shi?"

"A'a."

"Ya yar?"

"Shina nan cikin salulata."

"Duka?"

"Duka."

"Ko harafi bai ragu ba?" Gwaggo ta dubi surukar, surukar ta dubi wakenta. "To ɗiyata, mi yaɗ ɗauka?"

Shafa'atu ta dubi salularta. Da takalmi ne da ta nuna ƙafarta. Da akuya ce da ta nuna turke.

"Masu saye yaɗ ɗauka, Gwaggo."

"Mutane ba naki ba na, na Allah na. In na zo na ɗebi wuta ga murhunki, murhunki ya mutu?"

"In wutar nike saidawa fa?"

"Wa ka saida wuta?"

Surukar ta yi wata 'yar dariya ta hanci, ba ta ɗago kai ba.

Safiyanu ya ga hanya ta buɗe. Ya durƙusa a gaban uwarsa, ya fito da tasa salular, ya daddanna da natsuwa irin ta mai aikin lada. Salular Shafa'atu ta yi ƙara a cinyarta. Littafinta ne ya shigo, da sunan da ta sa masa.

"Ga shi, Inna, gaban idonki. Na mayar."

"Ya iso?" Gwaggo ta tambaya.

"Ya iso," in ji Shafa'atu.

"To alhamdulillahi. Ɗauko ƙarfen."

Ta shiga ɗaki. Ta tsaya a kan na'urar, tana kallon randar ruwa da ke gefe, har ta raya a ranta ta tsoma ta a ciki. Sannan ta ɗauko ta, ta fito, ta ajiye a kan tabarma. Gwaggo ta kwance goro biyu, ta ba kowa ɗaya, ta sa suka ɓara a gabanta. Shafa'atu ta tauna nata. Gwaggo ta fara neman takalmanta.

A nan ne matan zaure suka shigo, Fatsima a gaba.

"Gwaggo Delu, a gafarce mu. Mu ƙarshen munka biyo. Safiyanu ya ce muna cikakke na, munka biya. Waɗanda sunka saya wancan sati sun saurara har inda Jima ta sauka mota ga Agadas, sai abu ya yanke. Ko shi cika muna, ko shi maido muna kuɗinmu."

"Har da mutanen ƙauyen Allakaye," in ji wata daga baya. "Sun ce kasuwa mai zuwa da shi za su fara."

Safiyanu ya sosa ƙeya. Babi biyar na ƙarshe ba su cikin abin da ya kwasa. Cikin 'yan kwanakin nan ta rubuta su, bayan wutar unguwar ta dawo, salular ba ta sake zuwa rumfa ba. Shi bai lura ba sai da ya sayar wa rabin gari.

"Uwargijiya," ya ce, yana murmushi, "ki cika ladarki. Bawanki na cikin rana."

Shafa'atu ta tofar da tukar goron a gefe.

"Gwaggo, an mayar, an fansa. Wasa ya ƙare ko?"

"Ya ƙare."

"To saura ciniki. Akwai taubashi cikin ciniki?"

Tsohuwar ta saki takalmin da ta ɗauka. "Babu. Ko ni da na haife shi, in ya zo sayen mai sai ya biya."

Shafa'atu ta fara da matan. "Ku nawa za ku ba ni in ba ku ƙarshen?"

"Ai mun biya, Madan."

"Ni kunka biya?"

Suka dubi juna. Fatsima ta ce, "To dala goma-goma, don kunyarki."

Ta dube su ɗaya bayan ɗaya. Rabinsu ta san ranar da suka fara haɗa baƙi da wasali. Ko ta karɓi dala goman, mace ɗaya ce za ta biya, sauran su karɓa a wurinta a bakin rijiya. Duk faɗin ƙasarsu ta Adar mai saye ɗaya gare ta, wanda ya fara karɓa. Ta juya ga Safiyanu.

"Jaka hamsin."

"Ke, ko ordinatar ɗin nawa na saye ta? Jaka biyar na taya."

"Albarka."

"Babi biyar fa kaɗai."

"To ka rubuta su da kanka. Ka ƙara 'wayyo ni' har ya kai."

Wata daga cikin matan ta ƙyalƙyale, ta toshe baki. Safiyanu bai yi dariya ba. Ya ce bakwai, ta ce albarka. Ya ce shi ne ya kai sunanta har ƙauyukan da ba a san ta ba, ta tambaye shi a wane babi ya faɗi sunan nata, don ita ba ta ji ba. Ya ce goma, ya rantse da kabarin kawunsa. Ta ce ya bar ubanta ya kwanta. Ya miƙe kamar zai tafi, ya ga matan sun cika ƙofa, ya koma ya zauna. Gwaggo na bin su da ido, daga wannan zuwa wancan, ba ta sa baki ba, sai dai sau ɗaya da ɗanta ya ce wallahi faɗuwa zai yi, ta ce masa ya daina rantsuwa a kan abin da bai auna ba.

A jaka goma sha takwas suka tsaya, sefa dubu goma sha takwas ke nan. Ta san bai kai ba. Ta kuma san ba za a kai fiye da haka ba, don abin da ke cikin ƙullin matan nan shi ne iyakar abin da ke aljihunsa.

"Da sharaɗi," ta ce. "Ka faɗi sunana ga farko. Ka karanta abin da na rubuta, ba ƙari. Kuɗi yau, littafi gobe da hantsi. Waɗanda sunka biya ni su za su fara gani."

"Mutum nawa na?"

"Sha huɗu."

Ya ɗaga kafaɗa. "Na yarda."

"Na sallama."

Ya je ya dawo da kuɗin a leda, kusan duka tsaba, suna warin albasa da daddawa. Ya juye a kwano. Gwaggo ce ta duba ta ce sun cika. Ta sa musu albarka su biyu, ta ce haka ake son zumunci, ta tafi da ɗanta da na'urarsa. Matan suka watse suna cewa sai gobe.

Kafin la'asar Shafa'atu ta tura wa ƙaramin gurup duk abin da ya rage, har babin ƙarshe. Ta rubuta a ƙasa cewa nasu ne su kaɗai.

Washegari tana shara saƙon Raihana ya shigo.

"Madan, na gama. Allah shi ƙara basira, na yi kuka har na gode Allah. Na tura ma ƙanwata ta Keita da matan wurin aikinmu, don wallahi bai kamata a bar mutum bai karanta wanga ba. Ba komi ko?"

Ta buɗe babban gurup. Wanda ya yi makonni kamar an share shi, yau ya cika. Wata ta riga ta zuba babi biyar ɗin a ciki tun da asuba. Mai rantsuwar suna ta dawo, tana cewa ita dama ta san haka za a ƙare. Mutumin Abijan ya rubuta dogon sharhi a kan inda marubuciya ta yi kuskure. Ana ta yi mata addu'a, ana tambayar yaushe za a fara sabo.

Ita ke riƙe da gurup ɗin, tana iya goge abin da aka zuba. Ta ɗora yatsa a kai. Daga wajen tasha iska ta kawo muryar Safiyanu a lasifika, yana shelar cewa yau ƙarshen Jima zai fito, dala goma kacal a kan ta da, a zo da wuri. Ta janye yatsan. Ta rubuta wa Raihana, "Ba komi." Ta ƙarasa shararta.

Da hantsi ta je rumfar kamar yadda aka yi alkawari. Ya share wurin, ya kawo ruwan zafi da citta don murya. Ta tura masa babi biyar ɗin daga tsaye, salular na hannunta.

"Madalla da uwargijiya," ya ce. "Zauna ki ji yadda ake karatu."

Fatsima ce ta zo wucewa da tulu a ka. Ta rage tafiya, ta ɗaga murya daga tsallaken hanya.

"Madan, ashe bai dawo ba. Ashe mata gare shi can da ɗiya uku. Ni dai na ji daɗi da Jima ta koma ta sayi gonar tudun."

Mata biyu da suka riga suka zauna jira a kan benci suka juya suka bi ta da tambaya, sannan suka tashi suka bi ta da ƙafa.

Safiyanu ya ajiye kofin. Ya dubi bencin, ya dubi Shafa'atu.

"Wa ya ba ta?"

"Ni na saida, kai ka saya," ta ce. "Naka na yanzu. Ka tsare shi."

Ta soke salularta a bakin zane, ta tsallaka hanya.